Amsoshin Tambayoyinku: Me ake yayi a baje kolin Nuremberg?

Wani mai sauraro ya tambayi abin da ake yayi a BIOFACH, baje kolin kayan gona marasa sinadari da ake yi duk Fabrairu a Nuremberg ta Jamus. To Malam, masu saye yanzu shaida suke nema: wace gona, me aka zuba? Riɗi, zoɓo da man kaɗanya suna da kasuwa, amma sai da takardar masu bincike. Wani zai ce ai manomanmu takin gargajiya suke sawa. Haka ne, amma matsalar tana wurin ajiya: a 2015 Tarayyar Turai ta hana waken Najeriya shiga saboda maganin ƙwari. Takardar na da tsada, shi ya sa gara manoma su neme ta a ƙungiyance.