Amsar Tambaya: Aiki a Batsari, Iyali a Katsina

Malam, ka ce kana koyarwa a Batsari, iyali na Katsina, albashi kuma na ƙarewa a tasha. Shawarata ka daina jeka-ka-dawo kullum, ka kama ɗaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Haɗa na wata guda ka gwada da kuɗin hayar ɗaki ɗaya, lissafin kaɗai zai ishe ka. Ga ɓata lokaci: mota ba ta tashi sai ta cika, ɗan kamasho na ta kiran saura mutum ɗaya, kai kana duban agogo.

Za ka ce Batsari ma tana kusa da dajin Rugu, ina amfanin kwana? Gaskiya ne, sai dai mai bin hanya sau goma a mako ya fi mai binta sau biyu shiga haɗari, musamman in magariba ta riske shi. Batun iyali ya fi nauyi, amma maigidan da ke shigowa a gajiye bayan isha'i ya fice da asuba, yaushe yara suka gan shi? Tafi Litinin, dawo Juma'a da rana tsaka.