Yadda Ake Shirya Furotin Cikin Fatar Ƙwayar Halitta Kafin Kwamfuta Ta Kwaikwayi Motsinsa

Katin GPU da matasa ke saya don buga gem, irinsa masu binciken magani ke amfani da shi wajen lissafa motsin atam ɗaya bayan ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da hukumar FDA ta Amurka ta amince da su suna aiki ne a kan dangin furotin guda, GPCR, wanda ke zaune a fatar ƙwayar halitta. Manhajar lissafin kuwa, GROMACS, wadda ta samo asali daga Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, kyauta ce. Wahalar tana wajen shiri.

Misali mai kyau shi ne KcsA, ƙofar da fotasiyam ke bi a jikin wata bakteriya. Ɗakin binciken Roderick MacKinnon ne ya fitar da siffarta a 1998, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 2003. Ana sauke siffar daga rumbun Protein Data Bank da lambar 1BL8.

Nan ne sababbin shiga ke faɗawa rami. Al'ada ce a share tarkacen da ke cikin fayil a bar furotin kaɗai. Amma a KcsA, ƙwayoyin fotasiyam da ke cikin matsattsen wuyan ƙofar ba tarkace ba ne. Idan aka share su, wuyan yakan lotse, kuma manhajar ba za ta yi gargaɗi ba. Za ta ci gaba da lissafi har mako guda, ta ba da bidiyo mai kyan gani na abin da ba ya faruwa a zahiri. Haka nan ƙofar rassa huɗu gare ta, dole a tabbatar duka huɗun suna nan.

Sai tsayuwar furotin. Fatar maiƙo ce hawa biyu, tsakiyarta mai ƙin ruwa ba ta wuce kaurin kusan nanomita 3 ba. Furotin ya karkace kaɗan, sassansa masu son ruwa su nutse cikin maiƙo. Rumbun OPM na Jami'ar Michigan yana ba da fayil da aka riga aka daidaita tsayuwarsa, kuma babu dalilin yin wannan da hannu.

Sauran ginin shafin CHARMM-GUI ke yi a burauza, bayan an yi rajista. Ana zaɓar maiƙo irin POPC, a zuba ruwa sama da ƙasa, a sa gishirin KCl mola 0.15, a saita zafi a Kelvin 310, wato zafin jikin mutum. Shafin zai ba da fayilolin da za a fara rage cunkoson atam, sannan zagaye shida na sassauta riƙon furotin sannu a hankali. Tsallake su ganganci ne, domin lissafin yakan tarwatse tun a matakan farko.

Waya za ta iya buɗe waɗannan shafuka, amma ba ta iya ɗaukar lissafin. Kowane mataki femtosakan 2 ne, don haka nanosakan 100 kacal na cin matakai miliyan 50. Mai waya kaɗai zai iya gwada ƙaramin tsari a Google Colab, sai dai ya riƙa ajiye fayil ɗin ci gaba a Google Drive, domin GPU na kyauta yakan katse bayan 'yan sa'o'i.