Dashen Haƙori: Idon Likita ko Jagorar Kwamfuta?

Mu 'yan cikin gari mun saba da haƙorin Makka, wanda akasari rufi ne ake yi wa haƙorin da ke nan daram. Dashen haƙori daban ne. Ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, bayan wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙorin a kai. Wani likitan ƙasar Suwidin, Brånemark, shi ya gano titaniyam na haɗewa da ƙashi, ya kuma fara dasa wa mutum a 1965.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen huda ƙashin. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da in an taɓa ta leɓe zai mutu, wani lokacin har abada. A na sama kuma akwai kogon iska gefen hanci. Shi ya sa ake barin tazarar milimita 2 tsakanin ƙusa da jijiya.

Hanya ta farko, likita ya duba hoto ya huda da ƙiyasin idonsa. Ta fi araha. Ta biyu, a ɗauki hoton CBCT mai nuna tsawo da faɗi da zurfi, a tsara wurin ƙusar a kwamfuta, a buga wani murfin roba mai rami wanda zai zauna kan haƙora. Ta ramin nan kaɗai na'urar huda za ta bi. Duk da haka takan kauce da kusan milimita 1, amma ta fi hannu zalla daidaito. Matsalarta: tsada, ga murfin yana tare ruwan sanyaya ƙashi, alhali zafin da ya haura digiri 47 yana lalata shi.

A ganina, haƙori ɗaya a ƙashi mai kauri, ƙwararren hannu ya wadatar. In kuwa haƙoran da yawa ne ko jijiya na kusa, jagorar kwamfuta ta cancanci kuɗinta. In za ka raka Baba ko Hajiya sashen haƙori na Asibitin Malam Aminu Kano, ku tambayi wacce hanya ta dace da ƙashinsu.

Mu kuma 'yan Poli, mu lura: zana murfin nan da buga shi aikin mai fasaha ne. 'Yan kwamfuta da injiniyanci, ga sana'a.