Sakamakona Bai Yi Kyau Ba, Ko Zan Samu Gurbi?

Tambaya: Digirina mai daraja ta uku ne, kuma ina son mastas a fannin kiwon lafiyar al'umma. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Jami'o'in Najeriya da dama suna karɓar mai irin sakamakonki idan ya fara yin difloma ta PGD, yawanci shekara guda, ya ci da kyau. Ki kuma shiga aikin rigakafin yara a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. Shugabar asibitin da ta ga yadda kike cike rajista za ta rubuta miki shaida mai nauyi. Ki dage da ilimin ƙididdiga, shi ne ƙashin bayan fannin. Ki duba sharuɗɗan jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da kanki. Kada ki karaya.