Dalilin Da Ke Hana Sabon Ram Gudu Kamar Yadda Aka Rubuta A Kwalinsa

Ɗaya daga cikin abubuwan da kan jawo ka-ce-na-ce tsakanin masu sayar da kayan kwamfuta da abokan cinikinsu ita ce maganar ram, wato ma'ajiyar wucin-gadi wadda na'ura ke shimfiɗa aikinta a kai muddin tana kunne. Mutum zai je kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ko wani shago a Kano ko Abuja, ya biya kuɗin ram mai lamba 3200, a sa masa a na'ura, ya koma ofis ya duba sai ya tarar an rubuta 2133 ko 2400. Nan take sai ya ce an cuce shi. Jabun kaya dai akwai su a kasuwa, babu mai musun wannan, amma sau da yawa ram ɗin lafiyarsa ƙalau. Ko dai ba a umarci na'urar ta yi amfani da saurin da aka biya ba, ko kuma tun asali ba ta da ikon yin hakan. Na farkon gyaran minti biyar ne. Na biyun kuwa asarar kuɗi ce da ya kamata a kauce mata tun kafin a yi ciniki.

Tushen al'amarin shi ne wata ƙungiya ta kamfanonin ƙera kayan lantarki mai suna JEDEC, wadda hedkwatarta ke Amurka. Ita ce ke tsara ƙa'idojin da kowane ram zai bi. Ta fitar da ƙa'idar DDR4 a shekarar 2012, ta DDR5 kuma a 2020. A jikin kowace sandar ram akwai wani ɗan mitsitsin guntu da ake kira SPD, wanda ke ɗauke da bayanin saurin da sandar za ta iya yi bisa wannan ƙa'ida. Da zarar an kunna na'ura sai ta karanta wannan bayani, ta zaɓi saurin da ta tabbata ba zai ba ta matsala ba. Ga DDR4 yakan kasance 2133, 2400 ko 2666 a kan lantarki bolt 1.2, ga DDR5 kuma yawanci 4800 a kan bolt 1.1.

To, ina lambar da ke jikin kwali ta fito? A shekarar 2007 kamfanin Intel ya ɓullo da wani tsari mai suna XMP, wanda ya ba masu ƙera ram damar rubuta wani bayani na biyu a cikin guntun nan, mai ɗauke da sauri fiye da na ƙa'ida da ƙarin lantarki kaɗan, galibi bolt 1.35 a DDR4. Wannan sauri na biyu shi ake bugawa da manyan haruffa a kwali, domin shi ke jawo mai saye. Amma na'ura ba ta taɓa shi sai mai ita ya ce ta taɓa. Kamfanin AMD ya fito da irin nasa a 2022, ya raɗa masa suna EXPO, domin DDR5. Wasu allunan ASUS masu ɗauke da furosesar AMD kuma suna kiran abin DOCP. Suna ne ya bambanta, aiki ɗaya ne.

Yadda ake kunna shi ba wani abu ne mai wuya ba. A sake tayar da na'ura, a riƙa danna maɓallin Del ko F2 kafin Windows ya buɗe, har a shiga bayos, wato shafin da ake saita na'ura tun daga tushe. A nemi inda aka rubuta XMP, EXPO ko DOCP, a zaɓi tsari na ɗaya, sannan a danna F10 don adanawa. Idan DDR5 ne, mai yiwuwa fuskar kwamfutar ta yi baƙi na minti ɗaya ko fiye. Kada a yi gaggawar kashe ta, tana gwajin daidaita kanta da sabon saurin ne. Bayan Windows ya buɗe sai a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Task Manager, a duba sashen ma'ajiya, a nan za a ga saurin da ake kai.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar a nan. Masu gyara da yawa suna amfani da manhajar CPU-Z, ita kuwa rabin lambar take nunawa. Wanda ya ga 1600 a cikinta, to ram ɗinsa na kan 3200 ke nan cif, domin irin wannan ram sau biyu yake aika bayani a kowane bugu ɗaya.

Sai dai duk wannan bayani ya shafi wanda na'urarsa ta yarda ne, kuma a nan ɗan kasuwa ya fi bukatar buɗe ido. Kwamfutocin ofis da aka fi gani a ma'aikatu da bankuna da shagunan buga takardu a ƙasar nan, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, sababbi ne ko na hannu, galibinsu babu wurin kunna XMP a bayos ɗinsu ko kaɗan. Haka ma mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka. An ƙera su ne don su yi aiki shekara da shekaru ba tare da an taɓa su ba, saboda haka ƙa'idar JEDEC kaɗai suka sani. Wanda ya sayo musu ram mai tsada, mai ƙyalƙyali da murfin ƙarfe, zai iya tarar da shi yana gudu ƙasa da ram mai araha marar ado. Abin da ya dace da irin waɗannan na'urori shi ne sandar da 3200 ɗinta na ƙa'ida ne, kuma ana gane ta da rubutun CL22 da bolt 1.2 a jikin takardarta. Idan aka ga CL16 da bolt 1.35, wannan 3200 ɗin sai da XMP.

Ko a kwamfutar da aka harhaɗa da hannu, babban allon na'ura, wanda masu gyara ke kira madabod, yana iya zama shinge. Alal misali, allunan Intel masu lamba H410 da B460 na shekarar 2020 ba sa barin ram ya wuce iyakar da aka yanka wa furosesa. Idan Core i5-10400 ce a kai, 2666 ce iyaka, ko da an sa ram mai 3600. Sai a 2021, da fitowar B560 da H570, kamfanin ya sassauta wa alluna masu matsakaicin farashi. Don haka kafin a fitar da kuɗi, a nemi lambar allo da ta furosesa, a duba abin da kamfaninsu ya ce suna ɗauka.

Gurbin da aka sa sanda ma yana da tasiri. A allon da ke da gurbi huɗu, sanduna biyu kan shiga na biyu da na huɗu ne idan an ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda ake rubuta wa A2 da B2. Ta haka suke aiki a hanyoyi biyu lokaci guda. Lissafin a fili yake: DDR4 mai 2133 na ɗaukar kimanin gigabait 17 a daƙiƙa a hanya ɗaya, mai 3200 kuma 25.6, amma sanduna biyu masu 2133 a hanyoyi biyu sun kai 34. Wato sanduna biyu masu gigabait 8 kowace sun fi guda ɗaya mai 16 amfani, musamman a na'urar da ba ta da katin hoto na daban. Idan kuma aka haɗa tsohuwar sanda da sabuwa, al'adar da ta zama ruwan dare saboda tsadar kaya, dukansu za su koma tafiyar mai rauni a cikinsu.

Yakan faru a kunna XMP na'ura ta ƙi tashi. Yawancin alluna sukan koma saitin farko da kansu bayan sun gwada sau biyu ko uku. In ba haka ba, a zare wayar wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintuna, a mayar da shi. Wannan batiri shi ke riƙe saitin bayos, kuma idan ya mutu, kamar yadda ake yawan samu a na'urorin hannu, sai a wayi gari ram ya koma 2133, agogo kuma ya rikice. Wani lokaci sabunta bayos kan warware matsalar, amma kada a kuskura a fara wannan aiki ba tare da UPS ko inbata ba, domin ɗaukewar wuta a tsakiyarsa na iya kashe allon.

Abin da ya fi ƙin tashi hatsari shi ne na'urar da ta tashi amma ram ɗin na yin kuskure jefi-jefi. Mai wasan kwamfuta wasansa kawai zai tsaya. Mai ajiye lissafin kamfani ko jerin albashin ma'aikata kuwa, fayil ɗinsa na iya lalacewa bai sani ba sai ranar da ya nema. Saboda haka bayan an ƙara sauri a gwada na'urar da MemTest86, a bar ta ta kwana tana gwaji. Kuskure ko ɗaya ne ya isa a rage sauri, misali daga 3600 zuwa 3200, a sake gwadawa. A kuma sani cewa Intel da AMD duk suna ɗaukar XMP da EXPO a matsayin tura kaya fiye da ƙa'ida, kuma sun bayyana cewa garantinsu ba lallai ne ya ɗauki ɓarnar da hakan ya jawo ba.

A ganinmu, ofishin da aikinsa bai wuce Word da Excel da aika wasiƙu ba, da wuya ma'aikatansa su ji bambanci tsakanin 2666 da 3200, kuma kuɗin ya fi amfani idan an ƙara yawan ram ɗin daga gigabait 8 zuwa 16. Masu tace bidiyo da masu zanen gine-gine da masu ɗab'i su ne za su ga ribar saurin. Su ma idan za su saya, su tafi da lambar allonsu a rubuce, su sayi sanduna biyu 'yan kwali ɗaya, su kuma sa mai shago ya kunna na'urar ya nuna musu lambar a Task Manager kafin a rubuta rasit.