Tsaftar Gidan Haya

Rigimar gidan haya yawanci daga banɗaki da kwata take farawa. Ku zauna da maƙwabta ku raba wankin banɗaki, kowane ɗaki da ranarsa.

Uwargida, kada ki zuba ragowar tuwo ko man suya a magudana. Man yana daskarewa ya toshe bututu, ruwa ya kwanta, da damina kuwa sauro ya samu gida. Ki tsame guntun abinci ki kai kwandon shara mai murfi, ɓera da kyankyaso su rasa abin ci. Da hunturu, yayyafa ruwa kafin shara.

A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce. Kwatar ƙofar gida taku ce, kada ku jira mai gida, ku yashe ta.