Darasi: Ɗan Jami'a da Abokin Ɗakinsa

Yaron da ya tashi a Abare ko Anka, Gummi ko Bukkuyum, ranar da ya shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, zai kwana ɗaki guda da Bayarabe, da Ibo, da Badakkare, da Bafulatani. Kowa da harshensa, da tuwonsa, da hanyar ibadarsa.

Irin wannan zama yana da albarka, yana kuma da hatsari. A watan Maris 1987, gardamar addini tsakanin ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta zama gobarar da ta kai Zariya da Kaduna, aka ƙone wuraren ibada. A watan Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba, Deborah Samuel, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin saɓo. Duka biyun daga magana suka fara, fushin taro ya ƙarasa.

Me Ikilisiya take koya mana? A Ayyukan Manzanni sura 10, Bitrus ya shiga gidan Karniliyus, sojan Roma, ko da yake al'adar Yahudawa ta hana, nan ya gane Allah ba ya tara. A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, cikin takardar Nostra Aetate, ta ce Ikilisiya tana ganin Musulmi da daraja, ta kuma ƙi wariya saboda ƙabila ko launi ko addini. Mu ma mun gani da idonmu: a 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukanmu, likitoci daga ƙasashe dabam-dabam suka zo, ba uwar da ta tambayi ƙabilar mai ba ɗanta magani.

Saboda haka, iyaye, ku gargaɗi 'ya'yanku da abu uku. Na ɗaya, su koyi gaisuwa da harshen abokin ɗakinsu. Na biyu, su kame bakinsu, har a WhatsApp, kada su yi ba'a da abin da wani yake tsarkakewa. Na uku, in rigima ta taso, su kai ta gaban hukumar makaranta, kada su shiga taro.

Tambaya domin nazari: wace magana muke yi a gida game da wata ƙabila, wadda ɗanmu zai ɗauka ya tafi da ita makaranta?

Ubangiji ya kiyaye ɗalibanmu. Amin.